Daga Mataki na Bakwai Zuwa Kofi: Nazarin Kakar 2016 ta Western Bulldogs

Ranar Asabar 1 ga Oktoba 2016, a filin MCG da ke birnin Melbourne, gaban 'yan kallo 99,981, ƙungiyar Western Bulldogs ta doke Sydney Swans da maki 89 da 67, ta ɗauki kofin AFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya. Rabonta da wannan kofi tun 1954, shekara 62 ke nan. A mataki na bakwai ta kammala wasannin mako-mako, kuma kafin ranar babu ƙungiyar da ta taɓa ɗaukar kofi daga wannan mataki. Mutanen Ostireliya suna ba da labarin kamar tatsuniya, wai sa'a ce ta sauka a kan marasa galihu. Ni kuwa ina ganin faɗin haka tauye haƙƙin waɗanda suka yi aikin ne. Akwai dalilai da ake iya nunawa ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma farashin da aka biya da jikin mutane, kuma wannan farashin shi ne aka fi saurin mantawa.

Ga wanda bai san wasan ba, ana buga shi a fili mai siffar ƙwai, kowane ɓangare da mutum 18 a ciki. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili: ƙwallon da aka buga da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya gol ce mai maki 6, wadda ta bi ta gefe maki 1. Ana riƙe ƙwallo a hannu a yi gudu da ita, amma ba a jefa ta, sai dai a buga da ƙafa ko a naushe ta zuwa ga abokin wasa. An yarda a cafke mai ƙwallo a kayar da shi. Zango huɗu ake yi. A 2016 ƙungiyoyi 18 ne a gasar, kowacce ta buga wasa 22, sannan takwas na sama su shiga zagayen fitar da gwani. Tsarin da ake bi a lokacin, tun shekarar 2000, yana fifita huɗun farko: idan sun faɗi a wasan farko suna da dama ta biyu, idan sun ci kuma su huta mako guda. Wanda ya zo na biyar zuwa na takwas ba shi da wannan gata. Dole ya ci wasa huɗu a jere, faɗuwa ɗaya ta sallame shi. Daga 2000 zuwa 2015 babu wanda ya iya.

Footscray, asalin sunan ƙungiyar kafin a sauya shi a ƙarshen 1996, unguwa ce a yammacin Melbourne, ta ma'aikatan masana'antu da mayanka, daga baya kuma ta zama masaukin baƙi daga Biyetnam da gabashin Afirka. Ƙungiyar ta shiga babbar gasa a 1925. Kofinta ɗaya na 1954 ta ci shi ne ƙarƙashin Charlie Sutton, wanda shi ne kyaftin shi ne koci. Ta koma wasan ƙarshe a 1961, Hawthorn ta doke ta, daga nan ƙofa ta rufe. Sau bakwai tana kaiwa wasan kusa da na ƙarshe tana faɗuwa: 1985, 1992, 1997, 1998, 2008, 2009 da 2010. Na 1997 ya fi ciwo, domin tana gaba da tazara mai kyau a zangon ƙarshe Adelaide ta kamo ta, ta wuce da maki 2. A 1989 ma saura ƙiris a shafe ta baki ɗaya, lokacin da bashi ya yi mata katutu hukumar gasa ta shirya haɗe ta da Fitzroy. Magoya baya suka garzaya kotu, suka bi gida-gida da gwangwanin tara kuɗi, cikin mako uku suka haɗa sama da dalar Ostireliya miliyan ɗaya da rabi. Wani lauya mai suna Peter Gordon ne ya ja ragamar wannan yunƙuri, kuma shi ne shugaban ƙungiyar a 2016.

Tushen kakar 2016 yana cikin rikicin Oktoba 2014. Ƙungiyar ta gama ta 14 a waccan shekara. Sai kyaftin ɗinta, Ryan Griffen, ya ce shi a sayar da shi ga Greater Western Sydney. Washegari koci Brendan McCartney ya ajiye aiki. Adam Cooney, wanda ya ci lambar Brownlow ta gwarzon gasa a 2008, ya tafi Essendon, Shaun Higgins ya tafi North Melbourne. Cikin 'yan kwanaki gida ya zama kango. Abin da shugabanni suka yi a lokacin kasada ce babba: suka ce idan Griffen zai tafi, to a ba su Tom Boyd, dogon matashin da aka zaɓa na ɗaya a duk ƙasar a 2013, suka kuma ba shi kwantiragin shekara bakwai da aka ruwaito ya kai kimanin dala miliyan bakwai. Yaro ne ɗan shekara 19 da bai buga wasa goma a babbar gasa ba. Wannan kuɗi ya zame masa kaya a ka, domin duk ranar da bai yi abin kirki ba sai jaridu su tuna masa albashinsa.

Sannan aka ɗauko Luke Beveridge a matsayin koci. Ba sananne ba ne sosai a lokacin. Ya taɓa buga wa ƙungiyar wasa, ya horar da wata ƙungiyar 'yan sa-kai, St Bedes Mentone, ta ci kofi uku a jere daga 2006 zuwa 2008 tana hawa daga rukuni zuwa rukuni, ya kuma yi mataimaki a Hawthorn lokacin da take tashe. Aka naɗa Robert Murphy kyaftin, dattijon 'yan wasa da ke ƙungiyar tun 2000. A kakarsu ta farko, 2015, suka yi tsalle daga na 14 zuwa na shida.

Salon da Beveridge ya kawo ya dace da irin mutanen da ya tarar. Ba shi da babban mai zura ƙwallo a gaba, kuma Stewart Crameri, ɗaya daga cikin waɗanda ake dogaro da su, yana cikin 'yan wasa 34 na yanzu da na da na Essendon da kotun wasanni ta duniya ta dakatar a Janairu 2016 kan badaƙalar magunguna, don haka bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar. Abin da ƙungiyar ke da shi shi ne tarin matsakaitan 'yan tsakiya masu saurin hannu da rashin tsoron turmutsitsi. Sai ya gina wasan a kansu: a yi wa ƙwallo taron dangi duk inda ta faɗi, a fi abokan hamayya yawa a wurin, a fizgo ta, a riƙa miƙa ta da naushi cikin sauri har a samu wanda ya kuɓuta. Masu tsaron baya kuma su matso gaba su takure fili, ƙwallo ta daɗe a yankin abokan hamayya. Idan alƙali ya jefa ƙwallo sama, maimakon a bar dogaye biyu su yi tsalle su kaɗai, sai mutum na uku, sau da yawa Marcus Bontempelli, ya taso daga gefe ya mare ta zuwa inda aka shirya. Ya mayar da Matthew Boyd, wanda ya shekara da shekaru a tsakiya, zuwa baya, har ya shiga jerin gwanayen ƙasa na 2016 a sabon gurbin. Ya saki Liam Picken, wanda a da aikinsa kawai manne wa gwanin abokan hamayya, ya ce masa ya je ya nemi ƙwallo da kansa. Matthew Boyd, Picken, Dale Morris, Luke Dahlhaus da Jason Johannisen duk ta ƙaramar ƙofa suka shigo gasar, ta jerin waɗanda aka tsallake a babban zaɓen matasa.

Wannan salo yana da rauni guda a fili: ba ya haifar da maki da yawa. Cikin ƙungiyoyi takwas da suka haye, Bulldogs ce mafi ƙarancin maki, kimanin 84 a kowane wasa. Sai dai Sydney da Geelong ne kaɗai suka fi ta hana a ci su.

Yanzu ga inda nake ganin zuciyar lamarin take, wato raunukan da suka bi ƙungiyar tun daga Afrilu. A mako na 3, a daƙiƙun ƙarshe na wasa da Hawthorn, Murphy ya juya zai bi abokin karawarsa, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Suka faɗi da maki 3, suka rasa kyaftin har ƙarshen shekara, yana da shekara 33. Easton Wood ya karɓi riƙo. Mako guda bayan haka tsokar bayan cinyar Johannisen ta yage, ya yi sama da wata biyu a waje. A mako na 18, a wasa ɗaya da St Kilda, Mitch Wallis ya karye a ƙafa mummunar karaya, Jack Redpath kuma gwiwarsa ta tafi. A mako na 19 a Geelong, Tom Liberatore ya ji ciwo a idon sawu, Jack Macrae a cinya. Wood ma ya bi sahu a mako na 22. A makon ƙarshe suka je Perth, Fremantle da ke can ƙasan teburi ta doke su.

Duk da haka wasa 15 suka ci cikin 22. A nan ne ya kamata a tsaya a duba teburin da kyau. Sydney, Geelong da Hawthorn kowacce ta ci 17. Greater Western Sydney, Adelaide da West Coast kowacce 16. Wato tsakanin ta ɗaya da ta bakwai wasa biyu ne kacal. A shekaru da dama nasara 15 kan kai ƙungiya cikin huɗun farko ko dab da su. Ƙungiyar da ta ci 15 alhali manyanta suna jinya ba ta bakwai ba ce a ƙarfi, lamba ce kawai ta nuna haka. Sun ma je har gidan Sydney a mako na 15 sun doke ta da maki 4, Johannisen ya ci gol a daƙiƙun ƙarshe ranar da ya dawo daga jinya.

Raunukan sun yi wani aiki kuma da ba a lura da shi ba sai daga baya. Sun tilasta wa Beveridge ya jefa yara cikin ruwa tun da wuri. Josh Dunkley da Zaine Cordy, 'yan shekara 19, sun samu gurbi. Joel Hamling, wanda Geelong ta sallama ba tare da ya buga mata ko wasa ɗaya ba, ya zama mai tsaron baya na tsakiya. Clay Smith ya dawo bayan tiyatar gwiwa ta uku. Kowa ya koyi aikin gurbi biyu ko uku, saboda babu tabbacin wanda zai tashi lafiya mako mai zuwa. Da watan Satumba ya zo, koci yana da mutane fiye da 22 da suka san tsarin a jikinsu, ba a allo kawai ba.

Sai kuma abin da ba su suka shirya ba. A makon ƙarshe na 2015, Fremantle da North Melbourne sun ajiye manyan 'yan wasansu da yawa don su huta kafin zagayen fitar da gwani, abin da ya ɓata wa hukumar AFL rai. Don hana maimaituwar haka, a 2016 ta sanya hutun mako guda ga kowa tsakanin makon ƙarshe da fara zagayen. Ba don Bulldogs aka yi dokar ba, amma babu wanda ya ci moriyarta kamarsu. Kwana bakwai ɗin nan ne suka ba su damar mayar da mutum biyar cikin tawaga lokaci guda: Wood, Liberatore, Macrae, Jordan Roughead da Jake Stringer. Wasu cikinsu ba su gama warkewa ba, amma sun iya tsayawa. Duk wanda ya ba da labarin 2016 bai ambaci wannan hutu ba, bai faɗi gaskiya duka ba. Hutun ya kuma juya wa manyan baya ta wata fuska: Geelong da Greater Western Sydney, da suka ci wasanninsu na farko suka sake samun wani hutun, sun isa wasan kusa da na ƙarshe da wasa ɗaya tak cikin kusan mako huɗu, kuma dukansu biyu suka faɗi.

Ranar 8 ga Satumba suka koma Perth, tafiyar sama da kilomita 2,700, don karawa da West Coast wadda ta buga wasan ƙarshe a shekarar da ta gabata. Kusan babu mai sharhin da ya ba su nasara. Suka ci 99 da 52, karo na farko a tarihin ƙungiyar da ta ci irin wannan wasa a wajen jiharta ta Victoria. A nan ma sai da aka biya: Lin Jong ya karye a ƙashin kafaɗa. Mako na gaba sai Hawthorn, mai riƙe da kofi uku a jere, 2013, 2014 da 2015. Hawthorn ta yi gaba da maki 23 a zango na biyu, kamar dai za a maimaita abin da aka saba. A zango na uku yaran suka yi mata ruwan gol, aka tashi 107 da 84. Bontempelli yana da shekara 20 a lokacin, kuma a daren ya nuna cewa zamanin ya sauya hannu.

Wasan da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne na 24 ga Satumba a Sydney da Greater Western Sydney. Ƙungiya ce da hukumar gasa ta ƙirƙira ta shigo a 2012, aka ba ta zaɓaɓɓun matasan ƙasar masu yawa don ta yi saurin tsayawa da ƙafarta. A cikinta akwai Griffen, akwai Callan Ward, shi ma tsohon ɗan Bulldogs, kocinta Leon Cameron ma haka. Magoya bayan Bulldogs suka cika motoci suka yi tafiyar kusan kilomita 900 ta ƙasa, har muryarsu ta rinjayi ta masu gida. Roughead ya fita tun da wuri bayan ƙwallo ta buge shi a ido, aikin tsalle a tsakiya ya koma kan Tom Boyd. Ward ma ya fita da buguwa a kai. Farkon zangon ƙarshe Bulldogs na baya da maki 14, daidai irin wurin da iyayensu da kakanninsu suka sha ganin an karye. Ba su karye ba. Bontempelli ya ci, Macrae, wanda ba a san shi da cin gol ba, ya tsaya ya buga wadda ta sa su gaba, aka tashi 89 da 83. Clay Smith, mai gwiwar da aka yi wa tiyata sau uku, ya ci gol huɗu.

A wasan ƙarshe babu ko ɗaya cikin 22 ɗinsu da ya taɓa buga irinsa. Sydney kuwa ta ɗauki kofi a 2012, ta buga wasan ƙarshe a 2014. Aka tafi hutun rabin lokaci Sydney na gaba 45 da 43, ɗan wasanta Josh Kennedy yana abin da ya ga dama a tsakiya. Ƙarshen zango na uku Bulldogs ta koma gaba 61 da 53. Abin da ya yanke hukunci ya zo ne ana saura 'yan mintuna: Lance Franklin, babban tauraron Sydney, ya ɗauki ƙwallo a tsakiyar fili zai juya, Dale Morris ya cafke shi ta baya ya kayar, ƙwallo ta kuɓuce, Tom Boyd ya ɗauka ya buga daga can nesa, ta yi ta tsalle a ƙasa har ta shige. Gol ɗinsa ta uku ke nan a ranar. Daga baya aka bayyana cewa Morris ya buga duk wasannin huɗu da tsagewa a ƙashin bayansa, wadda ya samu tun makon ƙarshe a Perth. Johannisen, haifaffen Afirka ta Kudu, ya karɓi lambar Norm Smith ta gwarzon wasan.

Dole a faɗi batun alƙalanci, domin magoya bayan Sydney suna da hujja. Bugun tazara 20 aka ba Bulldogs, Sydney 8. A zangon ƙarshe Wood ya zame ya shiga ƙafafun Dan Hannebery na Sydney, ya ji masa ciwo a gwiwa, alƙali bai busa ba, alhali dokar ta hana irin wannan shiga. Binciken da hukumar ta yi bayan wasan ya nuna alƙalancin bai kai yadda ake so ba. Wasan da maki 1 ya raba a tsakiyar zangon ƙarshe, irin waɗannan kurakurai suna da tasiri, kuma ba daidai ba ne a share su don labarin ya yi daɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce su ne suka ba da kofin. Bulldogs ta kai hari mai maki sau 24, Sydney 17, kuma a mintuna goma na ƙarshe ƙwallo kusan ba ta bar yankin Sydney ba. Ƙungiya ɗaya ce ke da sauran ƙarfi a ƙafa.

A wurin ba da kyauta Beveridge ya kira Murphy ya hau dandamali, ya cire lambar Jock McHale da ake ba kocin da ya ci kofi ya rataya masa, ya ce masa tasa ce, ya fi kowa cancanta. Murphy ya mayar da ita daga baya, aka ajiye a gidan tarihin ƙungiyar. An yi ta yaba wannan a matsayin karamci, kuma karamci ne. Amma yana nuna wani giɓi a dokar gasar: 'yan wasan da suka buga a ranar kaɗai, su 22 a lokacin, ake ba lamba. Murphy, Wallis, Redpath, Jong da Matthew Suckling, waɗanda da guminsu aka tara nasarorin da suka kai ƙungiyar Satumba, babu wanda ya samu. A kakar da aka ci da yawan mutane, wannan doka ba ta yi adalci ba.

Abin bai maimaitu ba. Kafin kakar 2017 hukumar ta haramta tsallen mutum na uku. Sauran ƙungiyoyi suka zauna suka nazarci saurin hannun Bulldogs, suka koyi toshe hanyoyin fita daga turmutsitsi. Ƙungiyar ta gama ta goma, ba ta ko shiga zagayen fitar da gwani ba, abin da bai faru da mai riƙe da kofi ba tun Hawthorn a 2009. Murphy ya dawo ya buga shekara ɗaya, ya yi ritaya da wasa 312 babu kofi. Stringer ya koma Essendon. Clay Smith ya ajiye wasa a 2018 yana da shekara 25, gwiwar ta ƙi. Picken ya ajiye a 2019 saboda illar buguwa a kai da ta ƙi barinsa. Tom Boyd, wanda ya fito fili ya yi magana kan ciwon damuwa da ya yi fama da shi, ya bar wasa a watan Mayu 2019 yana da shekara 23, ya bar sauran shekarun kwantiraginsa. Beveridge ya sake gina tawagar a kan Bontempelli, Macrae da Liberatore, ya kai ta wasan ƙarshe a 2021 daga mataki na biyar, ƙungiyar Melbourne ta doke su da maki 74 a Perth. Sai a 2024 wata ƙungiya daga wajen huɗun farko, Brisbane Lions, ta sake cin wasa huɗu a jere ta ɗauki kofin.